Fiɗiyar kare: Aikin likita na awa ɗaya ne, sauran kwana 14 na mai gida ne

A unguwanni da dama na Kano, Kaduna, Jos da Abuja, haushin kare da daddare ya zama abin da kunne ya saba da shi. Matsalar tsaro ta sa mutanen da a da ba su taɓa tunanin ajiye kare ba yanzu sun ajiye, wasu na gida, wasu kuma irin na waje da ake saye da tsada. A karkara kuwa, dama can mafarauta da makiyaya ba su rabu da shi ba.

Sai dai duk wanda ya ajiye kare har ya girma, akwai wata damuwa da ke jiransa. Idan namiji ne, wata rana zai tsinke sarƙa ko ya haura katanga ya bi karya, a yi kwana biyu ko uku ba a gan shi ba, ya dawo da yagaggen kunne. Idan mace ce, karnukan unguwa za su yi wa ƙofar gida sansani, bayan wata biyu kuma a wayi gari da kwiyakwiyai shida ko takwas da babu mai so.

Maganin da likitocin dabbobi ke bayarwa shi ne tiyatar hana haihuwa: fiɗiya ga namiji, cire mahaifa ga mace. Aiki ne da suka saba yi, kuma ba ya ɗaukar lokaci. Amma da yawa daga cikin matsalolin da ke biyo baya, kamar warwarewar ɗinki, ruɓewar ciwo da zubar jini, suna samo asali ne daga abin da aka yi ko aka ƙi yi a gida, kafin aikin da bayansa.

Kare ba bunsuru ba ne

Bahaushe ya san dandaƙa da fiɗiya tun kaka da kakanni. Da su ake mayar da bunsuru taure, da su ake lallashin bijimin noma. Wannan sabon ne ke sa wasu ke ɗauka cewa duk mai iya yi wa akuya zai iya yi wa kare, da reza ko da zoben roba ko da ƙarfen matse jijiya.

Likitoci na gargaɗi a kan haka. Halittar kare ta bambanta da ta akuya. Jakar marainansa a manne take da jiki, fatarta ba ta jure rauni, kuma kare na iya kai bakinsa wurin cikin sauƙi. Zoben roba kan jawo masa azaba ta kwanaki, da ruɓewar nama, wani lokaci har da ciwon sandarewar jiki mai kisa. Yanka ba tare da an ɗaure jijiyoyin jini da zare ba kuwa na iya sa jini ya zuba har dabbar ta mutu.

A asibiti, ana sa kare barci gaba ɗaya. Ga namiji, likita kan yi ƴar ƙaramar tsaga a gaban jakar, ya fito da ƴaƴan marainan biyu, ya ɗaure jijiyoyi, ya ɗinke. Yawanci bai wuce rabin awa ba.

Na mace ya fi girma, domin sai an buɗe ciki an cire mahaifa da jakunkunan ƙwai. Yakan kai awa ɗaya, ko fiye idan karyar babba ce ko mai ƙiba. Shi ya sa kuɗinsa ya fi yawa, jinyarsa ma ta fi buƙatar sa ido.

Akwai karnukan da ɗan marainansu ɗaya bai sauko cikin jaka ba, ya maƙale a ciki ko a matsematsi. Irin wannan ya fi saurin kamuwa da sankara, don haka dole a nemo shi a cire, kuma aikin kan zama kamar na mace.

Abin da zai canza da abin da ba zai canza ba

Babban tsoron masu karnukan gadi da na farauta shi ne kada kare ya zama rago. Binciken halayyar karnuka ya nuna cewa abin da fiɗiya ta fi ragewa shi ne yawon neman mace, da hawan ƴan'uwansa, da fitsarin alama a kowane lungu. Tsare gida, jin ƙanshi da gudu kuwa sun dogara ne da irin kare da horon da ya samu. Wanda ke haushi idan baƙo ya taɓa ƙofa zai ci gaba da yi, kuma yanzu zai fi zama a gidan da aka ajiye shi ya tsare.

Haka nan, fiɗiya ba ta gyara karen da ke cizo saboda tsoro ko dukan da ya sha. Wannan aikin horo ne.

Ta fuskar lafiya, namijin da aka fiɗiye ya rabu da sankarar maraina, kuma da wuya ya yi fama da kumburin furostet da ke damun tsofaffin karnuka. Mace kuma ta tsira daga ciwon taruwar mugunya a mahaifa, wanda ke kisa cikin kwanaki idan ba a yi tiyatar gaggawa ba. Wani bincike da aka yi a Sweden a 2001 ya nuna cewa kusan ɗaya cikin kowace karya huɗu da ba a cire wa mahaifa ba na kamuwa da wannan ciwo kafin ta kai shekara 10.

Masu yi wa karya allurar tazarar haihuwa ta mata don hana ta ɗaukar ciki su sani cewa allurar na ƙara haɗarin wannan ciwon na mahaifa.

Akwai kuma wata sankara da karnuka ke ɗauka wajen barbara, wadda ta yawaita a ƙasashe masu zafi inda karnuka ke yawo sakaka. Takan fito kamar jan nama mai zubar da jini a al'aurar kare. Ana warkar da ita da allurai na makonni, amma karen da ba ya bin mata ya fi samun kariya daga gare ta tun farko.

Yaushe ya kamata a yi?

Shekaru da dama ana cewa wata shida. Yanzu likitoci na duba girman jikin kare kafin su yanke.

Masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis a Amurka sun duba bayanan karnuka 1,170 irin Jaman Shefad, wanda aka fi sani da karen ƴan sanda. A sakamakon da suka fitar a 2016, kashi 7 cikin 100 na mazan da ba a fiɗiye ba ne suka samu ciwon gaɓoɓi, amma a cikin waɗanda aka fiɗiye kafin su cika shekara ɗaya, adadin ya kai kashi 21. A 2020 sun faɗaɗa binciken zuwa nau'o'in karnuka 35, inda suka ga cewa matsalar ta fi shafar manyan karnuka, ƙanana kuwa ba ta cika taɓa su ba.

Dalili shi ne sinadaran balaga na da hannu wajen tsayar da girman ƙashi. Idan aka cire su da wuri, ƙasusuwan kan ɗan ƙara tsawo fiye da kima, gaɓoɓi su sha wahala.

Saboda haka mai Jaman Shefad ko Rotwaila ko wani babban kare zai iya jin likita ya ce a jira ya wuce shekara ɗaya. Karen gida mai matsakaicin jiki kuwa, wanda ke fita waje yana cuɗanya da wasu, sau da yawa jinkirin ya fi haɗari, domin karya na iya ɗaukar ciki tun tana wata shida zuwa takwas.

Ga mace akwai ƙarin sharaɗi. Yawancin karnuka mata na shiga lokacin barbara sau biyu a shekara. A lokacin jijiyoyin mahaifa na cika da jini, tiyata ta fi haɗari. Likitoci sun fi son a jira wata biyu zuwa uku bayan ta gama. Mai shayarwa kuma sai ta yaye, nono ya ƙafe.

Tunda ba aikin gaggawa ba ne, kana da damar zaɓen yanayi. A watannin Maris zuwa Mayu, zafi kan haura digiri 40 a wurare irin su Sakkwato, Maiduguri da Yamai, kuma kare mai jinya da aka kulle a ɗakin kwano na iya galabaita. Damina na zuwa da ƙuda da laka. Hunturu ya fi sauƙin ƙuda, sai dai a tanadi abin rufa saboda sanyin dare.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Shiri na farawa ne aƙalla mako biyu kafin ranar aiki, kuma matakin farko shi ne sanin hannun da za ka miƙa wa dabbarka. Ba duk mai sayar da maganin dabbobi a kasuwa ne likita ba. A Najeriya, Majalisar Likitocin Dabbobi ta Ƙasa ce ke yi wa likitoci rajista. Akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri, ga asibitocin gwamnatocin jihohi da masu zaman kansu a manyan birane.

Kada ka ji nauyin tambaya. Wane irin maganin barci za a yi amfani da shi? Za a ba da maganin kashe zafin ciwo na gida? Zaren mai narkewa ne ko sai an dawo an cire? Kuɗin da aka faɗa ya haɗa da gwajin jini da magunguna da dawowa duba ciwo? Wace lamba za a kira idan wani abu ya faru da tsakar dare? Kuɗin kan danganta da nauyin kare da jinsinsa. Idan ka ji farashin da ya yi ƙasa ƙwarai, ka tambayi abin da aka cire daga ciki, domin araha ba ta ado.

Abu na biyu shi ne rigakafi. A tabbatar kare ya karɓi allurar ciwon hauka da ta sauran cututtuka irin su gudawar jini mai kashe kwiyakwiyai, aƙalla mako biyu kafin aiki. Asibiti wuri ne da marasa lafiya ke taruwa, bai kamata kare ya je neman lafiya ya kwaso cuta ba. A ba shi maganin tsutsar ciki ma.

Abu na uku, wanda ya fi muhimmanci a wannan yanki namu, shi ne kaska. Kaskar kare na ɗauke da cututtuka biyu da ke da alaƙa kai-tsaye da tiyata. Ɗaya na farfasa jajayen ƙwayoyin jini har kare ya yi ƙarancin jini. Ɗayar kuma na rage ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare idan an yi yanka. Kare na iya ɗauke da ita yana ci yana wasa ba a sani ba, sai an sa wuƙa jini ya ƙi tsayawa.

Shi ya sa gwajin jini kafin tiyata ba ɓarnar kuɗi ba ne. Kai ma za ka iya ɗaga leɓen karenka ka duba dasashinsa. Na mai lafiya jaja-jaja ne. Idan ya yi fari ko ruwan ɗorawa, a fara magani tukuna, a ɗage tiyata.

Sannan ka faɗa wa likita gaskiya. Idan an zuba maganin ɓera a gida kwanan nan, ka faɗa, domin yawancinsa na hana jini daskarewa. Idan an yi wa karen wanka da maganin kaska mai ƙarfi, ka faɗa, domin wasu na cin karo da maganin barci. Haka idan yana tari, amai, gudawa, ko ya taɓa yin farfaɗiya, ko kana zargin karyar ta ɗauki ciki.

Jajibiri da safiyar aiki

A yi wa kare wanka kwana ɗaya ko biyu kafin aiki, domin bayan tiyata zai yi mako biyu ruwa bai taɓa shi ba. A wanke wurin kwanansa, a shanya ya bushe.

Sai batun hana abinci. Idan kare na cikin maganin barci, maƙogwaronsa ba ya iya tare amai. Abincin da ya taso daga ciki na iya faɗawa huhu, ya jawo ciwon da ke kisa. Asibitoci da yawa na cewa a ba shi abincin ƙarshe da daddare, awa 8 zuwa 12 kafin aiki. Wasu na rage lokacin, musamman ga ƙananan kwiyakwiyai da sukarin jininsu ke saurin sauka. Ruwa kuwa yawanci ana barin sa har safiya. Umarnin likitanka shi za ka bi.

A gidan da ke da yara da masu aiki, a nan ake samun cikas. Wani zai ji tausayi ya jefa masa ƙanzo, ko karen ya leƙa kwandon shara. A sanar da kowa, a ɗaure shi inda ba zai kai ga komai ba. Idan kuma aka gano ya ci wani abu da safe, a faɗa wa likita. Ɗage aiki da kwana ɗaya ya fi asarar dabba.

Da safe a zaga da shi ya yi fitsari da kashi. A kai shi da mota ko Keke Napep, ba a kan babur ba, kuma kada a saka shi cikin but ɗin mota a rufe. A tafi da tsohon zane mai tsabta da za a shimfiɗa masa wajen dawowa.

Daren farko

Yawanci ana sallamar kare a ranar. Zai dawo yana tangaɗi, idanunsa a lumshe, wataƙila yana ɗan kuka ko rawar jiki. Wannan sauran maganin barci ne, kuma yakan sake shi cikin awa 24.

Yawancin masu kare a ƙasar Hausa ba sa shigar da shi ɗakin kwana, a tsakar gida ko bayan gida yake zama. Ba sai an sauya wannan ba, amma dole a tanadar masa wurin jinya: mai rufi, mai iska, mai daɓen siminti, da shimfiɗar kwali ko buhu da zane a kai. Gareji ko wani ɗakin ajiya da aka share ya isa. Kada ya kwanta a kan yashi ko turɓaya.

Maganin barci na sa jikin kare ya kasa riƙe ɗumi. A lokacin sanyi a rufa masa zane. A lokacin zafi kuma a nisanta shi da rana.

A hana yara zuwa kusa. Karen da bai gama farfaɗowa ba, ga zafin ciwo, na iya cizon wanda ya fi sabo da shi. A raba shi da sauran karnuka ma.

Idan ya iya tsayawa da ƙafafunsa, a ba shi ruwa kaɗan. Idan bai yi amai ba, da daddare a ba shi kamar rabin abin da ya saba ci, mai sauƙi, irin farar shinkafa da dafaffen naman kaza marar ƙashi. Kada a haɗa da miyar da ta sha albasa da yaji, domin albasa na lalata jinin kare. Idan ya ƙi ci a daren farko, ba abin damuwa ba ne. Kashi ma na iya jinkirin kwana biyu ko uku.

Harshe da ƙuda

Akwai masu cewa kare da harshensa yake warkar da ciwonsa. A kan ɗinkin tiyata, harshen nan shi ne babban abokin gaba. Yana jiƙa ciwo, yana kai masa ƙwayoyin cuta daga baki, kuma haƙora na iya tsinke zare cikin ƴan mintoci. Ga mace, hakan na iya kai wa ga buɗewar ciki.

Maganinsa shi ne abin wuya na roba mai kama da mazurari, wanda ake samu a asibitoci da shagunan kayan dabbobi. Dole bakinsa ya ɗan zarce hancin kare, in ba haka ba zai kai ga ciwon. A ɗaure shi yadda yatsu biyu za su iya shiga tsakaninsa da wuya.

Inda babu, ana yanke gindin bokitin roba mara nauyi, a naɗe bakin yankan da tsumma don kada ya ji masa ciwo, a huda ramuka a ɗaure shi da abin wuyan karen. Ga mace, tsohuwar riga mai tsabta da aka sa mata aka ɗaure a baya na taimakawa wajen rufe ciki, amma ba ta hana mai naci.

Kwana biyun farko kare zai yi ta karo da bango, ya yi ta kallon ka da idon tausayi. A nan masu kare da yawa ke karaya su cire masa da daddare, alhali da daddaren ne babu mai ganin abin da yake yi. Yana iya ci, ya sha, ya yi barci da shi. A bar masa dare da rana har a cire zare. A sani kuma ƙaiƙayi ya fi tsanani idan ciwo ya fara warkewa, wato daidai lokacin da mai gida ke ganin an tsallake.

Ƙuda kuwa na yin ƙwai a kan ciwo mai danshi, tsutsa ta ƙyanƙyashe cikin kwana ɗaya. Akwai kuma wani nau'in ƙuda da ke yin ƙwai a ƙasa mai jiƙe da fitsari ko kashi, tsutsarsa ta huda fata ta zauna kamar maruru, musamman da damina. Kwashe kashi kullum, sauya shimfiɗa, da rataya tsohon gidan sauro a wurin kwanan kare na rage wannan haɗari.

A duba ciwon safe da yamma a wuri mai haske. Dabara mai sauƙi ita ce ɗaukar hotonsa da waya kullum. Ta haka za ka ga ko kumburi na raguwa ko ƙaruwa, kuma za ka iya tura wa likita ta WhatsApp. Ɗan ja da ɗan kumburi a kwanakin farko ba matsala ba ne.

Garin neman gira

Wani kuskure da ke kashe karnuka bayan tiyata na fitowa ne daga tausayi. Mai gida ya ga dabbarsa na jin jiki, sai ya ɗauko maganin da shi yake sha.

Ibufurofen da dikulofenak na iya huda cikin kare su lalata ƙodarsa, ko da ƙwaya kaɗan ne. Farasitamol, idan ya wuce kima, na lalata hanta da jini. Jikin kare ba ya sarrafa waɗannan magunguna kamar na mutum. Akwai magungunan kashe zafi da aka yi domin karnuka, likita zai auna gwargwadon nauyi. A ba da su yadda aka rubuta, kada a ƙara, kada a haɗa da wani.

Haka abin yake ga ciwon kansa. Toka, gishiri, kalanzir, baƙin mai, garin kafso, da ruwan wanke ban-ɗaki mai kashe ƙwayoyin cuta duk suna ƙona sabon naman da ke tsirowa, kuma kare na iya lasa ya sha guba. Ɗinkin da aka yi da tsabta abu biyu yake so: ya zauna a bushe, kuma a ƙyale shi. Idan ya ɓaci da datti, a goge gefensa a hankali da auduga da tafasasshen ruwan da ya huce, ko da abin da likita ya bayar.

Hutun dole

Zuwa kwana na uku ko na huɗu, yawancin karnuka sun warware, suna son gudu da tsalle. Fatar waje na iya nuna kamar ta haɗe, amma naman ciki bai yi ƙwari ba tukuna.

Na kwana 10 zuwa 14, babu gudu, babu tsalle, babu farauta, babu sakin sa da daddare ya zaga gida. A fita da shi da igiya na ƴan mintoci ya yi fitsari a dawo. Mai dogaro da kare wajen gadi ya yi wani tanadin na waɗannan darare. Haushinsa dai na nan ko yana ɗaure.

Ga namiji, yawan motsi na sa jini ko ruwa ya taru a jakar da ta zama fanko, ta kumbura har mutum ya ɗauka ba a cire komai ba. Ƙaramin kumburi kan sace da kansa, kuma ɗora ƙanƙara da aka naɗe a tsumma na ƴan mintoci na taimakawa idan karen ya yarda. Ga mace, tsalle na iya ɓalle ɗinkin ciki, hanji ya turo ƙarƙashin fata.

Alamomin da ba a jira da su

A kira likita ko a koma asibiti nan take idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

- Jini na ɗiga daga ciwon bai tsaya ba.
- Dasashi ya yi fari, kare ya kasa tashi, ko cikinsa na kumbura. Wannan na iya nufin jini na zuba a ciki.
- Ɗinki ya buɗe. Idan wani abu ya leƙo daga cikin mace, a rufe da tsumma mai tsabta da aka jiƙa da tafasasshen ruwan da ya huce, a naɗe, a tafi. Kada a yi ƙoƙarin mayar da shi.
- Mugunya, wari, tsutsa, ko kumburi mai zafi da ke ƙaruwa.
- Amai ko gudawa da suka ƙi tsayawa.
- Ƙin cin abinci har bayan kwana biyu, ko ƙin shan ruwa na yini guda.
- Rashin fitsari na awa 24.
- Numfashi da ƙyar, ko zafin jiki da ya haura digiri 39.5.

Bayan an cire zare

Ana cire zare tsakanin kwana 10 zuwa 14, kuma aikin likita ne. Ko da mai narkewa aka yi amfani da shi, yana da kyau a koma a duba.

Abu uku ne suka rage. Na farko, namijin da aka fiɗiye na iya yi wa karya ciki har zuwa mako huɗu ko shida bayan aiki, saboda sauran maniyyin da ke cikin jijiya. A ci gaba da tsare shi.

Na biyu, ƙiba. Bayan fiɗiya jikin kare na buƙatar abinci ƙasa da da, amma kwaɗayinsa na ƙaruwa. Wannan ne asalin zancen cewa fiɗiyayyen kare malalaci ne: ƙiba ce ke nauyaya shi. A rage kamar kashi ɗaya cikin huɗu na abincinsa, a riƙa fita da shi. Idan ka shafa gefensa ka ji haƙarƙari ba tare da ka danna ba, yana daidai. Wasu karnuka mata, musamman manya, kan fara ɗigar fitsari cikin barci bayan shekaru. Akwai maganinsa, ba dalilin korar dabba ba ne.

Na uku, fiɗiya ba rigakafin ciwon hauka ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe kusan mutum 59,000 duk shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 na waɗanda abin ke shafa yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Hukumar ta ce yi wa kashi 70 na karnukan yanki allura na katse yaɗuwar cutar. A Najeriya, Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, na sarrafa allurar.

Inda fiɗiya ke taimakawa shi ne rage kwiyakwiyan da ake zubarwa a bola da kangwaye, waɗanda ke girma babu mai su, babu allura, su ne kuma yara ke haɗuwa da su a hanyar makaranta. Karen da ke zaune a gida, ba ya faɗa da baƙin karnuka a kan mace, shi ma ya fi nisa da cizon mahaukaci.

Don haka kafin ka sa ranar tiyata, ka duba kalandarka tukuna. Idan tafiya na gabanka, ko biki, ko babu wanda zai duba ciwo safe da yamma na mako biyu, ka ɗage zuwa lokacin da za ka samu sarari. Kare bai nemi a yi masa aikin ba, kuma ba shi da bakin faɗin inda ke masa ciwo. Wanda ya kai shi asibiti, shi ke da alhakin ganin ya tashi.